Sunan Garinmu a Kicin ɗin Sushila

Tun ranar da muka dawo daga Indiya ban huta da tambaya ba. Duk wadda ta zo gaishe da Baba a unguwar Shisha, nan Makka, idan ta gama yi masa sannu sai ta ja ni gefe: da gaske ne saniya na kwana a tsakiyar titi, da gaske ne kowa rawa yake yi kamar a fim? Maƙwabtana na Rusaifa har sun fara cewa rowar labari nake yi. Ba rowa ba ce. Abin da ya same mu bai yi kama da abin da ake tambayata ba, shi ya sa na ga gara in zauna in tsara shi sau ɗaya, kowa ya karanta.

Ba yawon buɗe ido muka je ba, ko da yake ido ne ya kai mu. Ciwon sukari ya daɗe yana cin idanun Baba. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama kuwa wani likita a Jidda ya ce jini ya tsiyaya a bayansa, idan ba a yi aiki da wuri ba shi ma zai bi ɗan'uwansa. Aikin a nan ya fi ƙarfinmu, aka ce mu nufi Delhi. Yayyena maza kafilansu, wato iyayen gidansu na aiki, ba su sake su ba, ni kuma ina da Turancin da na yi aikin rediyo da shi a gida Najeriya kafin aure ya kawo ni nan. Sai tafiyar ta faɗo kaina.

Wanda bai san Baba ba, ya kamata ya san abu ɗaya. Fiye da rabin rayuwarsa a Makka ya yi, yana karantar da ɗaliban da ke zuwa daga gida littattafan tauhidi a falonsa. Ya san hukuncin gunki ciki da waje, amma bai taɓa kwana gari ɗaya da gunki ba. Kuma babu wanda ya gaya mana cewa a tsakiyar babban bikinsu na kaka za mu sauka.

Yaya Sani ne ya kai mu filin jirgi. Da muka zo daidai allon nan da ke ɗaya hannun titin, mai nuna wa wanda ba Musulmi ba hanyar da zai kewaye garin, sai ya ce, "To Baba, daga nan kuma kai za a riƙa nuna wa hanyar kewaye."

"Tuƙa motarka," in ji Baba.

Jirginmu ya yada zango a Maskat, aka ɗebi fasinjoji. Wani mutum mai fara'a ya zauna kusa da Baba, ya tura jakarsa ƙarƙashin kujera, wasu sanduna masu fenti suka leƙo daga bakinta. Ƙafar Baba ta taɓa su. Ya sunkuya ya laluba.

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa na ci, "sanda ce wannan? Yaya aka yi aka bar shi ya shigo da ita? Ni fa 'yar wuƙar yankan farce suka karɓe mini."

Na tambayi mutumin. Ya ce shi ɗan Gujarat ne, yana sayar da yadi a Maskat, za shi gida bikin Nabaratiri, wato darare tara. Sandunan na rawa ne: maza da mata su yi da'ira, kowa ya buga tasa a jikin ta wanda ke gabansa. Ya ce a Maskat ma suna yi, amma zaure suke haya a ƙarshen mako, a yi a takure mai zaure na duba agogo. A garinsu kuwa gari duka ke fitowa.

Na fassara wa Baba, na ce bikin al'ada ne. Da gangan na zaɓi kalmar.

"Bikin wa?"

"Wata suke kira Durga."

"Tana raye?"

"A'a, Baba. Abar bautarsu ce."

Da aka kawo abinci ya ɗora hannu kan tiren ya tura shi gaba. Na ɗauka gajiya ce.

A filin jirgin Delhi zargin ya juyo kanmu. Fasfo na Najeriya, igama, wato katin zama na Saudiyya, bizar asibiti: ma'aikacin ya jera su a gabansa yana kallonmu kamar ba su dace da juna ba. Muka wuce wajen kwastan. Na taho da garin kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, don na san bakin Baba. Matar da ta buɗe jakar ta ɗaga ledar kuka sama, ta kira abokin aikinta, shi ma ya kira wani. Koren gari a jakar 'yar Najeriya. Na san abin da suke tunani. Na ce miya ce. Ɗayansu ya kwance daddawar ya kai hanci, ya ja da baya har ya bugi tebur. Ba su ci mana mutunci ba, amma duk abin da ba shi da tambarin kamfani sun riƙe shi. Dabinon Madina kaɗai ya tsira, shi da yake rufe a kwalinsa.

A waje Irfan na jiranmu. Tafinta ne mai raka marasa lafiya daga ƙasashen Larabawa, Musulmi, ya yi shekaru a wani kantin magani a Jidda, Larabcinsa irin na kasuwar can. Ya sumbaci kan Baba ya ce, "Ahlan ya Sheikh, ka kawo mana albarkar Harami." Nan take Baba ya saki jiki da shi.

Ya kai mu gidan wata mata mai suna Sushila, tafiyar ƙafa kaɗan daga asibitin. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta na ƙasar waje, tana ba baƙin asibiti hayar ɗakuna. Irfan ya ce mun yi sa'a, ko'ina ya cika saboda biki. Kicin ɗaya ne a gidan, bangonsa kuma shi ne bangon ɗakin Baba. Daga bakin ƙofa na hango abin da ke kusurwarsa: hoton mace mai hannaye da yawa a kan zaki, fitilar mai wadda ba a barin ta mutu sai bikin ya ƙare, da kasko da aka shuka sha'ir a ciki, har ya fara tsiro. Safe da yamma Sushila na kaɗa 'yar ƙararrawa tana rera wani abu a hankali. Duk abin da ta dafa sai ta fara ɗiban kaɗan ta ajiye gaban hoton.

Ban gaya wa Baba ba, kuma ba sai na gaya masa ba. Tun da idonsa ya yi rauni, kunnensa da hancinsa ba abin da ke wuce su.

"Wannan turaren ba na ƙamshin ɗaki ba ne," ya ce. "Ƙararrawar nan kuma ba ta kiran 'yar aiki ba ce. Me ke bayan bangon nan?"

Na faɗa masa. Ya ce daga kicin ɗin nan ko ruwan zafi kada in kawo masa.

Likitan ido mutumin kudancin ƙasar ne, mai magana a natse. Ya duba ya ce aikin zai yiwu, amma ba zai taɓa idon ba sai sukarin ya zauna wuri ɗaya. Ya ba da ƙa'ida: abinci a kan lokaci, daidai gwargwado, tare da allura. Ya sa ranar aiki bayan an gama biki. Da muke fita na tambaye shi ko shi ma yana cikin masu azumin bikin. Ya yi murmushi ya ce wannan ya fi ƙarfi a arewa. A garinsu mata ke kafa matakala a falo su jera 'yan tsana a kai, a yi ta ziyarar juna, sannan gab da ƙarshe kowa ya ajiye kayan sana'arsa ya sa masa fure: ɗalibi littafinsa, tela kekensa, direba motarsa.

Na fassara wa Baba wannan a hanya, ya ja ya tsaya.

"Har da wuƙar da za su sa mini a ido?"

Dole na koma na tambaya. Wata nas ta ce kayan ɗakin tiyata dafa su ake yi a na'ura, ko ganye ba ya shiga wurin.

"Haka za su ce," in ji Baba.

Rabin unguwar azumi suke yi, amma ba irin namu ba. Suna ci da rana, sai dai ba hatsi, ba albasa, ba tafarnuwa, ba nama, gishirin ma na daban ne. Mahautan kusa duk sun rufe. Na sayo burodi a leda, Baba ya tambaye ni me ke saman kantar mai shagon. Ba na iya yi masa ƙarya: hoto ne da turaren tsinke. Burodin ya bushe a inda na ajiye shi.

Na ce, "Baba, kai ka karantar da mu cewa abin da aka yanka ko aka miƙa wa gunki shi ne haram, ba duk abin da ke cikin garin ba."

"Na sani. Kada ki biya mini karatuna. Ke kina gani, kina iya raba wanda aka miƙa da wanda ba a miƙa ba. Ni abin da aka sa mini a hannu shi nake kaiwa baki. Da me zan raba?"

"Da ni, Baba."

"Ke ma baƙuwa ce. Yarensu kike ji?"



Irfan ya kawo shinkafa da naman rago daga unguwar Musulmi a tsohon gari. Baba ya ci da marmari, yaji da maiƙo suka ɓata masa ciki, ya wuni a hanyar bayi. Da an rage yajin da ya sake gwadawa. Amma washegari Sushila ta tari Irfan a bakin ƙofarmu da farantin alewa, ya ɗauki ɗaya ya jefa baki yana godiya. Baba ya ji taunar.

"Me ta ba ka?"

"Halawa ce, ya Sheikh. Maƙwabtaka kawai."

"Daga gaban hoton take?"

Irfan ya haɗiye ya ce, "Wallahi ban tambaya ba."

Daga ranar Baba ya daina karɓar komai daga hannunsa, ya koma kiransa "mutumin nan". Abincinsa ya zama dabinon Madina da shayin da nake dafawa a butar lantarki da ruwan gora. Mai ciwon sukari, dabino safe, dabino rana, dabino yamma, ga allura ana yi.

A saman bene akwai wata nas 'yar Kalkata mai suna Mitali, ita ma haya take. Ita ta fara rikita mini fahimta: gidan na azumi, amma ƙamshin soyayyen kifi ke saukowa daga tagarta. Da na tambaye ta sai ta ce, "Wa ke azumi ranar da ɗiyarsa ta zo ganin gida?" A wajen mutanen Bengal, in ji ta, Durga kamar ɗiya ce mai aure da ta zo da 'ya'yanta ta ɗan kwana biyu a gidan iyaye, sannan a raka ta. Wata rana bayan la'asar Baba na barci, ta ja ni unguwarsu in gani.

Daga nesa na tsaya. Rumfa ce ta gora da yadi, amma an gina ta kamar fada. A ciki ga mutum-mutumin laka da ya fi ƙofar gida tsawo, mace mai hannaye goma, ta take wani ƙato da ke fitowa daga jikin ɓauna. Manyan ganguna da aka yi wa ado da gashin tsuntsu, hayaƙin turare, layin mutane riƙe da farantan ganye. Ni da na saba da unguwar Aziziyya ta Makka lokacin Hajji cunkoson bai tsorata ni ba. Igiyoyin raba layi iri ɗaya ne, har sanarwar yaron da ya ɓace. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne duk wannan aikin, ranar ƙarshe ɗauka za a yi a saka shi a ruwa ya narke. Mitali ta ce ƙannenta da ke Landan ba su da wannan damar. Tasu ta roba ce, idan an gama a naɗe ta a kwali a kai sito sai baɗi, kuma sai Asabar da Lahadi suke bikin don ba a ba su hutu. "Uwar tamu a can ta koyi bin ranakun aiki," ta ce.

Aka miƙo mini faranti, na ce na gode, ba wanda ya matsa mini. Amma na lura da wata dattijuwa da ta bi ni da kallo tun daga mayafi har takalmi. Na san kallon. Irinsa muke yi wa baƙon da ya tsaya a bakin layinmu bai ce ga wanda yake nema ba.

Na dawo na tarar da Baba zaune, ya kara kunne da bango.

"Zo nan. Zauna. Saurara."

Sushila ce ke magana a waya a kicin. Ba na jin ko kalma, sai ga ɗaya ta fito sarai: makka. Ta yi gaba kaɗan, ta sake faɗa.

"Tun jiya take faɗa," in ji Baba, murya ƙasa-ƙasa. "Ta faɗa da safe tana ajiye ƙararrawa. Ta faɗa wa mutumin nan a bakin ƙofa, suka yi dariya. Me ya haɗa bakinta da sunan garin Allah a cikin kwanakin nan?"

"Ƙila tana gaya wa mutane inda muka fito ne."

"Sau ɗaya ake faɗin inda baƙo ya fito."

Aikin rediyo ya koya mini saurare, sai na saurara. Gaskiyar Baba ce. Ba faɗin mai ba da labari take yi ba, faɗin mai neman abu take yi. Da safe na ji ta faɗa wa mai kayan miya a bakin gida, ya girgiza kai, ya ɗaga ido ya kalli tagarmu. Baba ya riga ya yanke hukunci: wani abu suke so daga jikin mutumin Makka su kai gaban abin bautarsu don tabarruki, ko gashi, ko tufa, ko ragowar abinci. Ya sa na daina shanya a waje, na riƙa kulle ɗaki ko bayi za ni. Na ce bari in tambayi Irfan. Ya ce, "Kul. Bakinsu ɗaya." Ban yarda da abin da yake tsoro ba, amma ban iya kore shi ba. Ni da kaina na fara gaishe da matar da rabin fuska.

Ana haka wata safiya, bayan allura, gumi ya karyo wa Baba, hannunsa na rawa, maganarsa ta harɗe. Na ƙwala wa Mitali kira. Ta sauko da gudu ta auna, ta ce sukarin ne ya faɗi ƙasa warwas, ta sa masa sukari a baki har ya dawo hayyacinsa. A asibiti likitan ya daɗe yana kallon sakamakon kwanakin, yau a sama, gobe a ƙasa. Ya ce idan gwaji na gaba ya fito haka zai ɗaga aikin, kuma ba ya jin jinin da ke bayan idon zai jira mu.

A hanyar komawa Baba ya ce, "Ki canza mana tikiti. Gara in koma Makka makaho da in koma da abin da ban sani ba a cikina."

Na kwantar da shi a ɗaki, na kira Irfan a waya ba da izininsa ba. Da ya iso na je bakin kicin na tsaya, na ce, "Ka tambaye ta me take nema da Makka."

Irfan ya kalle ni kamar bai ji ba. Ya juya ya tambaye ta. Sushila ta dube ni, ta dube shi, ta goge hannu da gefen zanenta, ta yi mini alama in biyo ta. Ta bi ta ƙofar baya zuwa ƙarƙashin matakala. A can ga wani ƙaramin buhu da bakinsa a ɗinke, ga sabuwar tukunya da takardar kanti a manne, ga ɗan risho na gas. Ta nuna buhun da yatsa.

"Makka," ta ce.

Irfan ya dafa bango, dariya ta hana shi magana. Da ƙyar ya ce, "Dura, ya ukhti! Dura!"

Na farke ɗinkin. Garin masara ne, rawaya, mai laushi, abin da Larabawa ke kira dura. A yaren su Sushila kuwa makka ne sunan masara, kuma da shi da sunan garinmu ba bambanci ko a baki ko a rubuce. Mu mun ce mata masara kamar daga Masar ta zo, su kuma sun jingina mana ita.

Irfan ya fassara mini sauran. Sushila ta taɓa saukar da wata tsohuwa daga Tanzaniya wadda ta ƙi cin komai sai da aka samo mata garin masara. Ta lura ba kwanon da ke shiga ɗakinmu, sai ƙwallayen dabino ke fita a shara. Garin kuwa abincin lokacin sanyi ne a wajensu, shagunan kusa ba su ajiye shi ba, shi ya sa ta yi ta cigiya, sai da safen nan aka kawo. Ta hana Irfan ya faɗa don kada a sa rai a rasa.

"Dariyar da kuka yi a bakin ƙofa fa?"

"Cewa na yi za mu ba ɗan Makka makka," in ji Irfan.

Ta ajiye kayan a waje ne don hatsi ba ya shiga kicin ɗinta a kwanakin azumi, ita ma ba za ta taɓa shi ba. Ni zan dafa.

Na sayo ɗanyar kuɓewa a kurar mai kayan miya, bayan na zagaye kurar na tabbata ba hoto a jikinta. Ba muciya, da sabon cokalin katako na tuƙa, na kaɗa miya da gishirin leda. Tun kafin in tura ƙofa Baba ya ɗago kai.

"Tuwo nake ji?"

Na ajiye kwanon na ba shi labari tun daga farko. Bai yi dariya ba.

"Kirawo ta. Da mutumin nan."

Suka tsaya a bakin ƙofa. Baba ya gyara zama kamar zai karɓi hadda.

"Wa ya buɗe buhun?"

"Ni, Baba."

"Tukunyar?"

"Sabuwa ce. Ni na ɓare takardarta."

"Wutar daga fitilar nan aka ɗebo?"

"Ashanata ce, daga jakata."

Ya juya inda yake jin numfashin Irfan. "Tambaye ta, an taɓa ajiye masara gaban hoton nan?"

Irfan ya tambaya. Sushila ta yamutsa fuska ta ba da amsa mai tsawo. Ya ce, "Ta ce a gidanta ba a taɓa ba. Ba a tarar babbar baƙuwa da abincin manoma."

"Wato abin da aka raina shi aka kawo mini," in ji Baba. Sannan ya ce, "Saura ɗaya. Ta karanta wani abu a kai? Ta kira sunan wani?"

Wannan karon amsarta gajera ce, kuma Baba take kallo, ba Irfan ba.

"Ta ce ta nuna wa mai kawowa inda zai ajiye, shi ke nan. Ba ta ce komai a kai ba. Ta ce idan akwai sunan da za a kira, kai ka kira naka."

Tuwon na huci. Can Baba ya miƙo hannu ya ce in zuba masa ruwa. Ya wanke, ya laluba bakin kwanon, ya yi bisimilla da ƙarfi yadda za a ji ta har bayan bango. Ya kai loma, ya sake kai wata.

"Ba daddawa," ya ce.

Haka ya ci gaba, tuwo safe da yamma, daidai awon da likita ya yarda da shi. Bikin ya ƙare a kan kunnenmu. Sushila ta tara ƙananan 'yan matan unguwa ta wanke musu ƙafa ta ciyar da su, a filin bayanmu aka cinna wa wasu dogayen mutum-mutumin takarda wuta da tartsatsi, mutanen Mitali suka raka tasu ruwa da ganguna. Baba ya ce in rufe taga. Gwajin ya fito daidai, aka yi aikin. Likitan ya hana mu hawa jirgi sai idon ya lafa, muka ƙara zama a gidan, hazon idon na yayewa kaɗan-kaɗan.

Ranar da ya fara gane fuskata daga ɗaya gefen ɗakin, na ɗauka Alƙur'aninsa mai manyan baƙaƙe zai fara nema. Sai ya ce in kawo masa buhun. Saura kaɗan a gindinsa. Ya kai shi bakin taga, ya juya gaba, ya juya baya, ya bi ɗinkin da yatsa, yana neman ɗigon jan garin da suke shafa wa kayan bauta ko wata alama. Bai samu ba. Irfan na tsaye, sai Baba ya kira shi da sunansa, karon farko tun ranar alewa.

"Irfan, a cikin rubutun nan wanne ne kalmar?"

Irfan ya ɗora yatsa a kan wasu baƙaƙe masu rataye a jikin layi.

"Idan za ka rubuta garinmu fa?"

"Haka ɗin dai, ya Sheikh. Ba ƙari, ba ragi."

Baba ya matso da buhun kusa da idon, ya daɗe yana kallo.

Na ce, "Yanzu ka yarda, Baba?"

"Ban ce na yarda ba," ya ce, idonsa na kan rubutun. "Cewa na yi na gani."